Yadda Jiki Ke Kulle Ƙwayoyin Gado: Darasi Daga Ciwon Sikila a Sabo ta Ibadan

1.0 Gabatarwa

A unguwar Sabo da ke birnin Ibadan, wanda Hausawa ke kira Badun, akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa iyaye kai, kamar yadda yake ɗaure musu kai a Kano da Katsina da Maraɗi. Za a haifi yaro lafiya lau, a yi suna, a yanka rago, mai jego ta yi arba'in, yaro na ta ƙiba abinsa. Sai ya kai wata biyar ko shida, a wayi gari bayan hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura, yana ta tsala kuka, ba ya son ko a taɓa shi. Wasu su ce haƙori ne, tunda lokacin fitowarsa ke nan. Wasu su ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Wasu kuma su ce kambun baka ne. Idan aka yi sa'a aka kai shi asibiti, gwajin jini ya nuna sikila ne, wato amosanin jini, sai wata tambayar ta taso: in dai da ciwon aka haife shi, ina ya ɓuya har tsawon wata shida?

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya. Amsar tana cikin wani fanni na kimiyyar halitta da ke nazarin yadda jiki ke kulle wasu ƙwayoyin gado ya bar wasu a buɗe. Za mu duba abubuwa biyu da ke yin wannan aiki, wato furotin masu sarrafa kwafi da kuma alamar metil da ake liƙa wa DNA. Kasancewar mu ɗaliban harshe, za mu kuma duba kalmomin da suka dace mu yi amfani da su idan an ba mu aikin fassara wannan ilimi.

2.0 Sabo da Maƙwabcinta

An kafa unguwar Sabo a shekarar 1916, lokacin mulkin Turawa, domin Hausawan da fatauci ya kawo su ƙasar Yarabawa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro shi ne ƙashin bayan rayuwar mutanenta. Ba da nisa da Sabo ba, idan aka bi ta Mokola, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, kuma yana cikin wuraren da suka fi daɗewa ana kula da masu sikila a Nijeriya.

Ciwon ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar nan. A wani rahoto na 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara, kuma kashi 24 cikin 100 na 'yan ƙasar suna ɗauke da rabin gadon ciwon, wato su ne masu jinin AS. Wasu masana ma na ganin cewa da yawa daga yaran da Hausawa ke kira 'yan wabi, Yarabawa kuma ke kira abiku, wannan ciwo ne ya riƙa ɗauke su tun kafin a san sunansa.

3.0 Littafi Ɗaya, Karatu Daban-daban

An gina jikin mutum ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda za mu riƙa kira sel a taƙaice. Yawansu ya kai kimanin tiriliyan 30. A tsakiyar kusan kowane irin sel akwai cibiya, a cikinta kuma akwai wani dogon zare da ake kira DNA. Zaren nan rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, wato A da C da G da T, waɗanda aka jera su har kimanin biliyan 3. An rarraba rubutun a cikin ƙunshi 23 da ake kira kuromosom, kowane ƙunshi kuma biyu ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikin wannan rubutu akwai sassa kimanin 20,000 waɗanda kowanne ke ɗauke da bayanin yadda za a haɗa wani furotin. Kowane sashe irin wannan shi muke kira ƙwayar gado.

Ba a fitar da DNA daga cibiya. Idan sel yana bukatar wani furotin, sai wani sinadari mai aikin kwafi ya zo ya kwafe ƙwayar gadon da ake so a kan wani gajeren zare mai suna RNA, a fita da kwafin, a haɗa furotin da shi. Ke nan ƙwayar gadon da ba a kwafe ta ba, tana nan amma ba ta aiki.

Abin lura a nan shi ne, rubutun da ke cikin sel na ido shi ne dai a cikin sel na hanta da na ɓargo. An tabbatar da haka a 1962, lokacin da John Gurdon na ƙasar Ingila ya ciro cibiya daga sel na hanjin talibambam, ya sa ta a cikin ƙwan kwaɗo da aka cire wa tasa cibiyar, sai ga cikakken talibambam ya fito. Ashe sel na hanji bai zubar da bayanin yin ido da wutsiya ba, ajiye shi ya yi a kulle. Saboda haka abin da ya bambanta ido da hanta shi ne waɗanne sassa kowannensu ke karantawa, waɗanne kuma ya rufe.

4.0 Sauyin Harafi

Kafin mu shiga batun kullewa, ya kamata mu bambanta shi da wani abu da ake yawan haɗa su, wato sauyin harafi. Ɗalibin Hausa ya san abin da harafi ɗaya kan yi wa ma'ana: kafa daban, ƙafa daban, bari daban, ɓari daban. To, sikila ma daga sauyin harafi ɗaya ta samo asali.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai suna himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Himogulobin na babban mutum sarƙoƙi huɗu ne, alfa biyu da beta biyu. Ƙwayar gadon beta tana kan kuromosom na 11. A gurbi na shida na wannan sarƙa, inda aka saba samun GAG, mai sikila yana da GTG. Linus Pauling da abokan aikinsa suka fara nuna cewa himogulobin na masu sikila ya bambanta da na sauran mutane a 1949, sannan Vernon Ingram ya gano takamaiman inda bambancin yake a tsakanin 1956 da 1957.

Wannan ɗan sauyi yana sa himogulobin ya riƙa manne wa juna idan ya sauke iskar da ya ɗauko, ya zama kamar dogayen sanduna, har ya lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne ke jawo azabar ciwon ƙashi. Haka kuma ba sa daɗewa: lafiyayyar ƙwayar jini kan yi kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jinin mai sikila kullum a ƙasa yake.

Sauyin harafin nan yana tare da yaro tun ranar da aka yi cikinsa. Abin da ya jinkirta ciwon wani abu ne daban.

5.0 Jinin Ɗan Tayi

Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa, daga jinin uwa yake jan iska ta mabiyiya. Domin haka yana da nasa himogulobin na musamman, wanda ya fi na manya riƙe iska da ƙarfi. Shi ma sarƙoƙi huɗu ne, amma a maimakon beta biyu, gama biyu ne. Ƙwayoyin gadon gama suna kan kuromosom na 11 ɗin dai, maƙwabtan beta ne, kuma sauyin harafin sikila bai taɓa su ba.

Lokacin haihuwa, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na himogulobin na jariri irin na ɗan tayi ne. Daga nan sai jiki ya shiga kulle gama yana buɗe beta, a hankali a hankali, har ya zamana a jinin babban mutum na ɗan tayin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ga yaron da betarsa lafiya take, wannan sauyi ba ya jawo komai. Ga mai SS kuwa, an kulle mai kyau ne an buɗe mai matsala. Bugu da ƙari, himogulobin na ɗan tayi ba ya shiga cikin sandunan nan da muka ambata, hana su haɗuwa ma yake yi, don haka raguwarsa tamkar janye garkuwa ce.

Wata likitar yara a birnin Niyok na Amurka, Janet Watson, ita ta fara lura da wannan a 1948. Ta ga cewa jinin jarirai bai cika lanƙwashewa kamar na iyayensu mata ba, ta kuma danganta hakan da himogulobin na ɗan tayi. Wannan ita ce amsar tambayar iyayen Sabo: ciwon bai ɓuya ko'ina ba, jinin ɗan tayi ne ya tare shi, da aka kulle gama sai ya bayyana. Lokacin ya zo daidai da fitar haƙori ne kawai. Saura mu ga wane ne ke kullewar, kuma da me.

6.0 Furotin Masu Sarrafa Kwafi

Sinadarin da ke kwafe DNA bai san inda zai fara da kansa ba. Misalinsa kamar baƙon da ya kawo shanu Ibadan daga Arewa ne: sai ya sauka wurin mai gida, dillali ya haɗa shi da mahauta, sannan ciniki ya yiwu. A gaban kowace ƙwayar gado akwai wani ɗan fili da za mu kira mashiga. Akwai kuma wasu furotin da kowannensu ya san wani gajeren jerin haruffa, duk inda ya gan shi sai ya zauna a kai. Su ne masu sarrafa kwafi, kuma mutum yana da kimanin iri 1,600. Wasunsu dillalai ne, suna janyo mai kwafi zuwa mashiga. Wasu kuma masu gadi ne, idan suka zauna a mashiga ba mai wucewa.

Masana biyu na ƙasar Faransa, François Jacob da Jacques Monod, su suka fara bayyana irin wannan mai gadi a 1961, a jikin ƙwayoyin bakteriya. Amma gano mai gadin gama a jikin mutum ya ɗauki lokaci mai tsawo. A 2007 da 2008 aka binciki DNA na mutane masu yawa domin a ga abin da ya sa wasu manya suka fi wasu ragowar jinin ɗan tayi, sai alamu suka nuna wata ƙwayar gado a kan kuromosom na 2 mai suna BCL11A. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin da abokan aikinsu a birnin Boston suka nuna cewa furotin ɗin BCL11A shi ne mai gadin: idan aka rage shi a cikin sel masu yin jini, sai gama ta dawo aiki. A 2011 aka cire shi daga sel masu yin jini na ɓeraye masu sikila, sai alamun ciwon suka gushe. A 2016 aka gano mai gadi na biyu mai suna ZBTB7A. A 2018 kuma aka tabbatar da wurin zaman kowannensu: na farko wajen harafi 115 kafin farkon gama, na biyu wajen harafi 200.

Akwai hujja daga jikin mutane da ke ƙarfafa wannan. Wasu iyalai suna da sauyin harafi a daidai waɗannan wuraren zama, don haka mai gadi ba ya iya zama, gamarsu ba ta kulluwa har tsufa, kuma suna zaune lafiya. Haka nan an lura cewa masu sikila na gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya sun fi na Afirka ta Yamma yawan jinin ɗan tayi, kuma galibi ciwon ya fi zo musu da sauƙi, musamman a ƙuruciya.

7.0 Alamar Metil

Mai gadi yakan tashi, don haka mai shago ba ya dogara da shi kaɗai, sai ya sa kwaɗo. Kwaɗon da sel ke sawa shi ne metil, wani ɗan ƙaramin sinadari da ya ƙunshi ƙwayar kabon ɗaya da haidirojin uku. Ana liƙa shi ne a kan harafin C, galibi a inda G ke biye da shi. Harafin yana nan a C ɗinsa, ba a sauya shi ba, alama kawai aka ɗora masa. Wanda ya san ajami zai gane wannan da sauri: baƙaƙe ɗaya ne, amma wasali ko ɗaurin da aka sa musu shi ke nuna yadda za a karanta su.

Idan metil ya yi yawa a mashigar ƙwayar gado, abu biyu kan faru. Na farko, wasu dillalan ba sa iya gane wurin zamansu. Na biyu, akwai furotin da metil ɗin suke nema, kamar wanda ake kira MBD2, su kuma sukan gayyato wata ƙungiyar furotin da ke ƙara matse zaren. Dalili kuwa, DNA na sel ɗaya ya kai tsawon mita biyu, an naɗe shi ne a jikin wasu dunƙulen furotin masu suna histon, kamar zare a jikin kwarkwaro. Inda naɗin ya yi sako-sako ana iya karantawa, inda aka tamke shi kuwa mai kwafi ba ya samun shiga.

Babban amfanin metil shi ne ana gadonsa daga sel zuwa sel. Duk lokacin da sel zai rabu biyu, sai an kwafe DNA ɗinsa gaba ɗaya, sabon zaren kuma yakan fito ba alama. Sai wani sinadari mai suna DNMT1 ya bi tsohon zaren, duk inda ya ga metil ya liƙa irinsa a sabon. Wasu biyu, DNMT3A da DNMT3B, su ke sa alama a inda babu ita tun farko. Da haka ne sel na hanta ke haifar sel na hanta har ƙarshen rayuwa. Arthur Riggs, da kuma Robin Holliday da John Pugh, su suka kawo wannan ra'ayi a 1975. A 2009 kuma aka gano aikin sinadaran TET, waɗanda ke fara aikin cire alamar, abin da ya nuna cewa kwaɗon yana da mabuɗi.

Tun a 1980 aka lura cewa mashigar gama ba ta da metil sosai a cikin sel masu yin jini na ɗan tayi, amma a na manya cike take da shi. An daɗe ana muhawara: metil ɗin ne ke kullewa, ko kuwa bayan an kulle ne yake taruwa, kamar yanar gizo a ƙofar ɗakin da ba a shiga? A 2025 masu bincike na Jami'ar New South Wales a Ostireliya da Asibitin St Jude a Amurka suka cire metil daga mashigar gama kaɗai, ba tare da sun yanka DNA ba, sai gama ta buɗu. Da suka mayar da shi sai ta sake kulluwa.

Ke nan aikin na haɗin gwiwa ne. Mai gadi ne ya san ƙofar da za a rufe, domin shi ke iya karanta haruffa. Idan ya zauna sai ya kira masu tamke zare da masu liƙa metil. Metil kuma shi ke tabbatar da cewa rufin ya ɗore. Fannin da ke nazarin irin waɗannan alamomi da ba su sauya harafi shi ake kira efijenetik.

8.0 Neman Mabuɗi

Tunda gama tana nan lafiya a jikin kowane mai sikila, likitoci suka ce me zai hana a buɗe ta? A 1982 Joseph DeSimone da Paul Heller a birnin Cikago suka ba gwaggon biri wani magani mai suna azasitidin, wanda ke hana liƙa metil, sai jinin ɗan tayi ya ƙaru sosai. An gwada shi a kan mutane kaɗan, ya yi aiki, amma aka ja baya saboda tsoron kada ya jawo ciwon daji, tunda ba mashigar gama kaɗai yake cire wa alama ba.

Daga nan hankali ya koma kan haidiroksiyuriya. Shi ba ya cire metil kai tsaye, yana rage saurin rabuwar sel a ɓargo ne, hakan kuma kan sa a samu ƙwayoyin jini masu yawan himogulobin na ɗan tayi. A wani gwaji da aka wallafa a 1995, wanda ya ƙunshi manya 299 a Amurka da Kanada, maganin ya rage tashin ciwon da kusan rabi, aka kuma amince da shi a Amurka a 1998.

Nijeriya ta ba da nata gudummawar. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, Farfesa IkeOluwa Lagunju da abokan aikinta sun riƙa auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara masu sikila, domin gudun da ya yi yawa alama ce ta haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A 2015 suka wallafa cewa haidiroksiyuriya na rage wannan gudu. A Kano da Kaduna kuma an yi wani gwaji da yara 220, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke cikin jagororinsa, aka wallafa sakamakonsa a 2022. Ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin da matsakaicin awo ba su bambanta ba wajen kare yaran daga shanyewar ɓarin jiki. Wannan labari ne mai daɗi ga iyayen da kuɗin magani ke yi wa nauyi.

Mataki na baya-bayan nan shi ne taɓa mai gadin kansa. Ba zai yiwu a kawar da BCL11A daga jiki duka ba, domin ƙwaƙwalwa da wasu sel na garkuwar jiki suna bukatarsa. Amma a 2013 Daniel Bauer da Orkin suka gano wani ɗan yanki na DNA da ke zuga BCL11A a cikin sel masu yin jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Muna iya kiran irin wannan yanki mazugi, daga zugazugin maƙera. Idan aka lalata mazugin da almakashin DNA da ake kira CRISPR, mai gadi ba zai fito a waɗannan sel ba, gama kuma sai ta buɗu. Wannan shi ne maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamba na 2023, Amurka kuma a watan Disamba na shekarar. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ciwon bai tashi musu da tsanani ba. Abin lura shi ne ba a gyara harafin sikila ba, yana nan yadda yake.

Sai dai fa akwai wahala. Dole a ciro sel masu yin jini daga jikin majiyyaci, a gyara su a ɗakin gwaji, a ba shi magani mai ƙarfi da zai share tsohon ɓargonsa, wanda kan iya hana shi haihuwa, sannan a mayar masa da su. Farashin da aka sa wa maganin a Amurka a 2023 kuwa dala miliyan 2.2 ne.

9.0 Abin da Ke Hannunmu

Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kafin irin wancan magani ya iso gare mu, wannan ilimi yana koya mana abubuwa uku da za mu iya yi yau.

Na farko, lafiyar jariri a watannin farko ba shaida ba ce cewa ba shi da sikila. Watannin nan dama ce: idan aka yi masa gwaji da wuri, za a fara ba shi fenisilin da alluran rigakafi, a kare shi daga zazzaɓin cizon sauro, kafin garkuwar ta janye.

Na biyu, ciwon ba laifin uwa ba ne, ba kuma nononta ba ne. Sai yaro ya gaji harafin daga uwa da uba duka. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. A ƙasar Yarabawa akwai kuma masu jinin AC da ɗan dama, haɗuwarsa da AS kan iya ba da SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Wannan ya shafi mutanen Sabo da ke auratayya da maƙwabtansu. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da wannan gwaji.

Na uku, haidiroksiyuriya magani ne da likita ke bayarwa yana bibiyar jinin majiyyaci. Ba abin saye a kemis a sha da ka ba ne.

10.0 Batun Kalmomi

Idan ɗayanmu ya samu aiki a gidan rediyo, ko aka kira shi tafinta tsakanin likita da wata uwa daga Sabo, wace kalma zai zaɓa? Ana iya cewa an kashe ƙwayar gado, kamar yadda ake kashe fitila. Amma kashe tana da ma'ana biyu, mai sauraro zai iya ɗauka an hallaka ta ne. Goge ma ba ta dace ba, domin abin da aka goge ya tafi. Kulle da rufe sun fi dacewa, saboda kowane Bahaushe ya san abin da aka kulle yana nan a ciki, kuma akwai mabuɗi. Ƙari a kan haka, tsarin aikatau na Hausa, wanda F. W. Parsons ya kasa aji bakwai a 1960, ya ba mu kullu da buɗu a aji na bakwai, waɗanda ke nuna cewa aikin ya yiwu: gama ta kullu, gama ta buɗu. Haka kuma ya kamata mai fassara ya raba sauyin harafi da kullewa, kada ya kira su duka lalacewar ƙwayar gado.

11.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa kusan duk ire-iren sel na jiki rubutu ɗaya suke ɗauke da shi, bambancinsu yana ga abin da kowanne ya buɗe da abin da ya kulle. Mun ga masu sarrafa kwafi irin su BCL11A su ke zaɓar ƙofar da za a rufe, metil kuma shi ke sa rufin ya ɗore daga sel zuwa sel. Mun kuma ga cewa kulle gama bayan haihuwa shi ne dalilin da ya sa sikila ba ta bayyana sai yaro ya yi wasu watanni, kuma buɗe ta shi ne hanyar da haidiroksiyuriya da Casgevy ke bi. Ranar 19 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce Ranar Sikila ta Duniya. Zai yi kyau ɗaliban wannan sashe su shirya wa ranar ɗan taƙaitaccen bayani da Hausa mai sauƙi, wanda za a iya karantawa a gidan suna ko a makarantar Islamiyya a Sabo, ya amsa wa iyaye tambayar da muka fara da ita.